Gawar da Ba Wanda Ya Tambayi Mai Ita

Duk mai karanta littattafan binciken kisan kai ya san wannan takaicin: ka hana idonka barci har shafin ƙarshe, sai ka tarar asirin ya ɓoyu ne kawai don 'yan sandan labarin sun ƙi yin tambayar da ko yaro zai yi. Wannan ƙorafi ya girmi wayoyin da ke hannunmu, kuma yana da tarihinsa.

A shekarun 1920 irin wannan adabi ya yi tashe a Ingila da Amurka, har marubutan suka fara gindaya wa kansu dokoki. A 1928 S. S. Van Dine ya fitar da ƙa'idoji 20, a 1929 wani limamin Katolika mai suna Ronald Knox ya kawo nasa guda 10. Daga cikinsu akwai cewa kada aljanu ko tsafi su warware asiri, kada mai binciken ya zama shi ne mai laifin, kada a ɓullo da tagwaye ba tare da an share fage ba. Manufar ita ce a yi wa mai karatu adalci. Sai dai dokokin sun fi kula da wasa ƙwaƙwalwa fiye da mutanen da ke cikin labarin.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne Raymond Chandler, a wata maƙala mai suna The Simple Art of Murder da ta fito a 1944. Ya ɗauki The Red House Mystery, littafin da A. A. Milne ya wallafa a 1922 kuma ya sha yabo, ya yi masa filla-filla. A labarin, wani attajiri, Mark Ablett, ya aske gemu ya yi shigar ɗan'uwansa Robert, wanda aka ce ya dawo daga Ostareliya, duk da sunan wasa. Sakatarensa Cayley ya harbe shi a cikin wannan shigar. Kowa ya ɗauka Robert ne ya mutu, Mark kuma ya gudu.

Chandler ya jero tambayoyinsa. Yaya aka yi zaman binciken musabbabin mutuwa alhali ba a tantance gawar yadda doka ta tanada ba? Me ya hana 'yan sanda tuntuɓar Ostareliya su ji labarin Robert? Yaya likita ya duba jikin mutumin da ya saba da hutu a ƙasar sanyi, ga sabon aski a haɓarsa, bai yi shakka ba? Tufafin gawar babu tambarin tela ko ɗaya, wanda ya ɓace kuma an san gwanin wasan kwaikwayo ne, amma babu wanda ya haɗa biyun. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan aiki: yana tafiya sumul muddin ba wanda ya danna maɓallin da ba a yi tsammani ba.

Abin mamaki, shi ma mai sukar bai tsira ba. A littafinsa The Big Sleep na 1939, an tsamo gawar wani direba, Owen Taylor, a cikin mota daga teku. Da masu shirya fim ɗin da ya fito a 1946 suka aika suna tambayar wa ya kashe shi, Chandler ya ce shi ma bai sani ba. Duk da haka har yau ana karanta littafin, ana kuma yabonsa.

Bambancin da muke gani shi ne, mutanen Chandler suna yin abin da mutane ke yi: suna ƙarya don tsoro, suna cin amana don kuɗi, suna rufa wa 'yan'uwansu asiri. Giɓi ɗaya a irin wannan labari mai karatu yakan yafe shi. Na Milne kuwa sai da aka mayar da likita da 'yan sanda wawaye kafin asirin ya kai shafin ƙarshe, kuma wannan shi ne abin da mai karatu ke ɗauka a matsayin raini.

Ga marubutanmu masu gwada wannan fage, gwajin mai sauƙi ne. Ka ɗauki mutum mafi hankali a labarinka, ka bar shi ya yi tambayar da za ta fara zuwa masa a rai. In asirin ya tonu a nan take, to da sauran aiki a gabanka.