Mota Cikin Lifidi: Tarihin Lulluɓi da Hasashe a Kan Motocin Amurka Masu Ƙwanji

Duk mai bin shafukan motoci a Facebook ko zaurukan WhatsApp ya san irin hoton nan: mota tsaye a gidan mai ko a bakin hanya, an naɗe ta da zane baƙi da fari kamar jakin dawa, gaba da baya kuma an ɗaure mata baƙin ƙyalle mai kauri kamar dokin da aka sa wa lifidi. A ƙarƙashin hoton gardama ce ke kaurewa. Wani ya ce sabuwar Mustang ce, wani ya rantse Charger ce, na uku ya ce ai daga tsawon hancinta ya gane akwai inji mai silinda takwas a ciki. Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin hirar marasa aikin yi. Tarihi kuwa ya nuna cewa leƙen motar da ba a buɗe ba ya taɓa sauya shirin manyan kamfanoni, har ya taɓa ceto mota daga mutuwa.

Inda ɓoyo ya samo asali

A farkon sana'ar ƙera mota babu abin ɓoyewa sosai. Henry Ford ya yi ta sayar da Model T daga 1908 zuwa 1927 ba tare da ya sauya mata kama ƙwarai ba. Wanda ya kawo sabuwar al'ada shi ne Alfred Sloan, shugaban General Motors, wanda ya lura cewa in ana sauya siffar mota kowace shekara, mai mota zai ga tasa ta tsufa tun ba ta lalace ba. A 1927 kamfanin ya buɗe sashe na musamman na zanen siffa a ƙarƙashin Harley Earl. Daga nan siffar motar baɗi ta zama dukiya. In masu saye suka gan ta da wuri, sai su janye hannu daga ta bana, ta yi kwantai a hannun dillalai. In abokan gasa suka gan ta, sai su kwaikwaya ko su riga kamfani kasuwa. Tun 1924 General Motors ya riga ya killace wani babban fili a Milford, jihar Michigan, domin gwajin motoci nesa da idon jama'a.

Shinge bai hana leƙe ba. A 1956 wani matashin mai zane na General Motors, Chuck Jordan, ya leƙa ta shingen wata masana'antar Chrysler a yankin Detroit, ya hango sababbin Plymouth na 1957: dogaye, masu ƙasa-ƙasa, masu siririn rufi. Ya koma ya kira abokan aikinsa suka gani da idonsu. Harley Earl yana Turai a lokacin, kafin ya dawo an ajiye zanen motocin 1959 an soma wani sabo. Leƙe guda ya rushe aikin watanni na kamfanin mota mafi girma a duniya.

A Jamus kuwa ƴan jarida ne suka mai da leƙen sana'a. Daga 1952 mujallar Auto Motor und Sport ta soma buga hotunan motocin da ba a fito da su ba, na farko shi ne na Mercedes-Benz 180. Suka raɗa wa irin wannan mota suna Erlkönig, sunan wani sarkin aljanu a wata waƙar Goethe, kuma har yau da shi Jamusawa ke kiran motar gwaji.

Shi kuma zanen jakin dawa, asalinsa daga teku yake. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani mai zane ɗan Ingila, Norman Wilkinson, ya kawo shawarar cewa tun da ba a iya ɓoye jirgi a kan ruwa, to a rikita idon mai harbinsa. Aka riƙa shafa wa jirage fenti mai ratsi-ratsi da karkatattun layuka, yadda mai leƙe daga jirgin ƙarƙashin ruwa ba zai gane girman jirgin, ko saurinsa, ko inda ya dosa ba. Dabarar ke nan da kamfanonin mota suka ara daga baya. Kyan jikin mota yana fitowa ne daga yadda haske da inuwa ke kwanciya a kan lanƙwasar ƙarfe. Zane baƙi da fari yana kashe wannan inuwa, kowa ya ga motar amma ba wanda ya ga siffarta.

Shekarar 1964 da abin da ya biyo baya

Motar da Amurkawa ke kira mai ƙwanji, a sauƙaƙe, mota ce matsakaiciya mai ƙofa biyu, an cusa mata babban inji mai silinda takwas, tayoyin baya ne ke turawa, kuɗinta kuma bai fi ƙarfin matashi mai albashi ba. Galibin masu tarihi suna soma lissafi daga Pontiac GTO ta 1964. General Motors yana da doka da ta hana sa babban inji a matsakaiciyar mota, sai John DeLorean da mutanensa suka zagaye dokar: suka ce ai ba sabuwar mota ba ce, ƙari ne da mai sayen Tempest zai iya zaɓa. Injin mai lita 6.4 ne, da ƙarfin dawaki 325. An yi zaton za a sayar da 5,000, aka sayar da fiye da 32,000.

A wannan shekara dai Ford ya fito da Mustang, sunan dawakin jeji na yammacin Amurka. Masu tsantseni suna ware ta da Camaro a wani aji na ƙananan motoci, amma a bakin jama'a duk dangi guda ne. Ita ma an gan ta kafin ranarta: a watan Maris wani matashi daga zuri'ar Ford ya shiga da ita tsakiyar Detroit, jaridar Detroit Free Press ta samu hoton ta buga. Hoton bai cuci kamfanin ba, ya ƙara wa mutane ɗoki ne. Ran 17 ga Afrilu 1964 aka buɗe ta a baje kolin duniya na New York, a kan dalar Amurka 2,368, kuma cikin shekara guda an sayar da fiye da 400,000.

Gasar ƙarfi ta kai ƙololuwa a 1970, lokacin da Chevelle SS 454 ta zo da dawaki 450, Dodge da Plymouth kuma suna da injin Hemi mai 425. Sai abubuwa uku suka taru a kansu. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasa kuɗi saboda yawan haɗari. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi. Sannan a Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, dogayen layuka suka cika gidajen asansi. Mustang II ta 1974 ta fito ƴar ƙarama, babu ma zaɓin silinda takwas a shekararta ta farko a Amurka. Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka ga sabuwar mota cikin lulluɓi, tambayar masoyanta guda ce: me ya rage a ƙarƙashin murfin inji?

Ranar da masu saye suka juya kamfani

Babban darasin wannan tarihi ya faru a 1987. Ford ya yanke shawarar cewa zamanin babban inji ya wuce. Magajiyar Mustang za ta zauna a kan ƙashin Mazda 626 ta Japan, tayoyin gaba ne za su ja, babu silinda takwas. Aiki ya yi nisa, an shirya masana'anta a Flat Rock. A watan Afrilu mujallar AutoWeek ta fallasa shirin a bangonta. Wasiƙun fushi suka yi ta kwarara hedkwatar Ford a Dearborn, ba intanet, ba wayar hannu, sai takarda da kan sarki. Kamfanin ya ja da baya. Motar da aka riga aka ƙera aka sa mata suna Probe, tsohuwar Mustang kuma aka bar ta a kasuwa har aka shirya mata magajiya ta gaskiya.

Ita wannan magajiya, ta 1994, wata mata a jihar Arizona mai suna Brenda Priddy ce ta ɗauki hotonta cikin lulluɓi a 1992. Hoton ya shiga mujalla, ita kuma ta zama ɗaya daga fitattun masu farautar motocin gwaji, tana kwana da tashi a Death Valley, kwarin da aka auna zafin digiri 56.7 a 1913. Dalilin zuwan motoci can shi ne dalilin da ya sa ɓoyo ba ya cika: kwamfuta da filin gwaji ba su isa su nuna yadda inji zai yi cikin zafin da mu mutanen Tahoua da Agadez muka sani a watan Afrilu ba, ko cikin ƙanƙarar Arjeplog a arewacin Sweden. Dole mota ta fito titi, titi kuwa na kowa ne.

Probe ta mutu a 1997. Masana'antar Flat Rock da aka shirya domin ta gaji Mustang, yau ita ce ke ƙera Mustang ɗin kanta.

Daga ɓoyo zuwa talla

Da kowa ya samu kyamara a aljihu, kamfanoni suka ga cewa gara su ci ribar leƙen. Lokacin da Chevrolet ke gwajin Corvette mai inji a tsakiya, da farko sun ɓad da kamarta da jikin wata a-kori-kura ta Holden. Amma a Afrilu 2019 shugabar General Motors, Mary Barra, ta shiga motar da lulluɓinta aka ratsa titunan New York, an rubuta ranar buɗewa a jikinta. Lulluɓi ya zama katin gayyata. Saboda haka mai kallon hoto a yau ya kamata ya tambayi kansa: an kama motar nan ne, ko an fito da ita ne don a kama ta?

Shekarun baya-bayan nan sun sake maimaita gardamar 1987. A Satumba 2022 Ford ya buɗe Mustang ta bakwai a Detroit, ya bar mata injinta mai lita 5.0. A Disamba 2023 aka daina ƙera Camaro da Challenger. Dodge ya riga ya nuna samfurin Charger mai lantarki a 2022, har da na'urar da ke kwaikwayon rurin inji ta lasifika. Sai ga hotuna sun ɓulla daga cikin masana'anta a ƙarshen 2023, suna nuna ƙwarangwal ɗin sabuwar motar. Masu lura suka ga wani tudu ya ratsa tsakiyar daɓenta, irin wanda ake bari domin akwatin giya da sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Motar lantarki zalla ba ta buƙatar wannan. Suka ce lalle akwai injin mai a hanya. A Maris 2024 Dodge ya tabbatar: Charger Daytona mai lantarki har dawaki 670, da kuma Sixpack mai silinda shida, dawaki 420 ko 550. Hasashe ya yi daidai, amma silinda takwas ba ta cikin lissafi. Kasuwa ta karɓi ta lantarkin da sanyin jiki. A Yuni 2025 kuma Ram, ɗan uwan Dodge a rukunin Stellantis, ya sanar da maido da injin Hemi a motocinsa na ɗaukar kaya bayan ƙorafin masu saye. Shi ya sa yau duk Charger da aka gani cikin lulluɓi, kunne ake fara kasawa kafin ido.

Yadda ake karanta hoton

Daga wannan tarihi ana iya fitar da ƙa'ida. Abin da lulluɓi ke rufewa, wato fitilu da hanci da lanƙwasar gefe, shi ne mafi sauƙin sauyawa, kuma hasashe a kansa yawanci ɓata lokaci ne. Abin da ke faɗin gaskiya shi ne wanda injiniya ba ya iya rufewa ba tare da ya ɓata gwajinsa ba: tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, tsawon gaban mota, faɗin kafofin shan iska, girman birki, kaurin taya, da sautin da ke fita. Ko a nan ma sai da hattara, domin Porsche ta taɓa maƙala wa motar gwajinta ta lantarki salansar ƙarya don ta ɓatar da masu leƙe. Ga kuma sabuwar fitina: hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira, waɗanda ke yawo a matsayin "sabuwar Camaro" alhali babu kamfanin da ya ƙera su. Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, ba a san wanda ya ɗauka ba, motar kuma tana sheƙi ba ƙura ba waya ba na'urar awo a jikinta, a bar shi inda aka gan shi.

Kaɗan ne cikinmu za su tuƙa Mustang ko Charger, ko da yake jefi-jefi akan ga tsofaffinsu cikin motocin da ke shigowa ta tashoshin Cotonou da Lomé. Amma gardamar da ke ƙarƙashin lulluɓin ta shafe mu, domin injin da Amurka da Turai da Japan suka zaɓa yau, shi makanikanmu na Maradi da Zinder za su buɗe nan da shekara goma ko goma sha biyar. Ko mai ne, ko lantarki, ko haɗin biyun, a jikin waɗannan motoci masu lifidi ake fara ganin alama. Wanda ya iya karatu zai riga saura sani, wanda ya yi gaggawa kuma ya jira ranar buɗar kai. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.