Ranar da Aka Auna Numfashin Talaka

A shekarata ta uku a jami'a na ci karo da wani tsohon zane a cikin littafin tarihin kimiyya. Wani saurayi ne zaune a kujera, an rufe masa fuska da wani abu mai bututu, ƙafarsa tana taka wani maɗanni, wani kuma na riƙe da hannunsa yana ƙirga bugun jijiyarsa. Can gefe wata mata tana rubutu. Da farko na ɗauka azabtar da shi ake yi. Ashe ina kallon ɗaya daga cikin ranakun da ɗan Adam ya fara gane dalilin da ya sa yake haki idan ya yi aikin ƙarfi.

Tambayar tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 2 Miladiyya, Jalinusu, likitan nan na ƙasar Girka wanda ya yi jinyar 'yan wasan takobi a birnin Fergamon, ya ce motsi ba ya zama motsa jiki sai ya sauya numfashi. A ƙarni na 13, Ibn al-Nafis ya bayyana a Alƙahira cewa jini yana bi ta huhu kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya. A 1628, William Harvey na Ingila ya tabbatar da cewa zuciya famfo ce mai zagaya jini. Duk da haka babu wanda ya san abin da jinin yake ɗaukowa daga huhu, balle dalilin da ya sa buƙatar take ƙaruwa idan an sha wahala.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Antoine Lavoisier, masanin sinadarai na Faransa, wanda ya raɗa wa iskar oksijin suna. A farkon shekarun 1780, shi da Pierre-Simon Laplace suka sanya ɓeran Masar a cikin wani mazubi da ke kewaye da ƙanƙara, suka auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, suka kwatanta da iskar da ya fitar. Sakamakon ya nuna cewa numfashi wani nau'in ƙonewa ne, kamar na gawayi, sai dai a hankali yake ci ba tare da harshen wuta ba.

A 1790 aka koma kan mutum. Saurayin da ke cikin zanen shi ne Armand Séguin, mataimakin Lavoisier, mai shekara 23. Matar kuwa ita ce Marie-Anne, uwargidan Lavoisier, kuma ita ta zana hoton. A ɗakin bincikensu da ke Paris aka auna oksijin da Séguin ke sha yana hutawa, da lokacin sanyi, da bayan cin abinci, da kuma lokacin da yake ɗaga nauyi da ƙafa. Sanyi ya ƙara buƙatar kaɗan, abinci ya ƙara fiye da haka, amma aiki ya ninka ta fiye da sau biyu da rabi. Sun kuma lura cewa bugun zuciya yana hawa gwargwadon nauyin aikin da aka yi.

Sun yi kuskure ɗaya: sun ɗauka a huhu wutar take ci. Sai a ƙarni na 19 aka tabbatar cewa a cikin ƙwayoyin halittar jiki ne. Yau mun san cewa tsoka mai aiki tana ƙona sukari da kitse da taimakon oksijin, tana fitar da iskar kabon. Ƙwaƙwalwa kan samu saƙo daga tsokoki da jini, sai ta umarci zuciya da huhu su ƙara himma. Zuciyar baligi mai bugawa sau 60 zuwa 100 a minti yana zaune, mai tura kimanin lita 5 na jini, tana iya tura lita 20 ko fiye idan aiki ya yi tsanani. Numfashin da ke tsakanin 12 zuwa 20 a minti kan haura 40. Hausawa sun ce jiki magayi. Haki shi ne yadda jiki ke gaya mana cewa murhu na neman iska.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne darasin da Lavoisier ya ciro daga alƙalumansa. Ana cikin juyin juya hali a lokacin. A Oktoban 1789 matan Paris suka yi tattaki zuwa fadar Versailles saboda tsadar burodi. A rahoton da suka rubuta wa Cibiyar Kimiyya ta Faransa, ya yi mamakin yadda talaka mai cin gumin hannunsa yake ƙona jikinsa fiye da mai arzikin da ke zaune, alhali shi ne ke da ƙarancin abin mayarwa. Wato ma'auni ya tabbatar da abin da kowane ɗan dako ya daɗe da sani: wanda ya fi buƙatar tuwo shi ne ya fi rasa shi.

Sai dai mai wannan magana ba talaka ba ne. Lavoisier na cikin attajiran da ke karɓar wa sarki haraji suna cin riba, kuma yana da hannu a gina ganuwar da aka kewaye Paris da ita don karɓar kuɗin shigo da kaya. Masu sukarsa suka ce ya hana birnin shaƙar iska. Ranar 8 ga Mayu, 1794, aka fille masa kai tare da wasu 27, har da surukinsa. Séguin kuwa ya rayu, ya yi arziki da jimar fata ga rundunar soja.

Ban ga dalilin wanke Lavoisier ba, ban kuma ga adalci a kisansa ba. Abin da na koya shi ne gaskiya ba ta zaɓen bakin da za ta fito. Tun daga lokacin, idan mai ga-ruwa ya turo kurarsa zuwa ƙofar gidanmu yana haki, jijiyar wuyansa na harbawa, na daina gaggawar taya masa farashi. Nakan tuna cewa ba ruwa kaɗai ya kawo ba. Ya ƙona wani abu na jikinsa a hanya, kuma an auna wannan abin tun 1790.