"Maleriya da Taifod": Gwajin Widal da Yawan Shan Antibayotik ga Masu Zazzaɓi a Abuja

Tsakure

Maƙalar ta duba lokacin da ya dace a ba mai ƙaramin ciwo maganin antibayotik a Abuja. Ta gano cewa wayar da kan jama'a kaɗai ba zai rage shan maganin ba, matuƙar gwajin Widal yana ci gaba da laƙaba wa masu zazzaɓi cutar taifod ba tare da hujja ba.

1.0 Gabatarwa

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai-tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Jabi ta fitar da shirin ƙasa na tunkarar matsalar na 2017 zuwa 2022, sannan na biyu na 2024 zuwa 2028. Duk da haka, tambayar da ke gaban uwa mai yaro da zazzaɓi a Nyanya ko Kubwa tana nan: a ba shi kafso ko kada a ba shi?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Yawancin rubuce-rubuce sun ɗora laifin a kan majinyaci da mai kemis: ana shan magani ba da izinin likita ba, ana yankar kafso huɗu maimakon cikakken kati. Wannan gaskiya ne, kuma mai binciken bai musa ba. Inda ya saɓa da su shi ne zaton cewa duk wanda ya je aka gwada jininsa ya tsira. Mutane da yawa suna yin abin da aka ce su yi: su je lab, su biya kuɗi, su karɓi takarda. Takardar ce ke tura su ga maganin da ba su buƙata.

3.0 Dabarun Bincike

An kwatanta ƙa'idojin littafin AWaRe na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 da sakamakon gwajin jinin yara da Farfesa Stephen Obaro da abokan aikinsa suka buga a 2015.

4.0 Sakamako da Tattaunawa

4.1 Mura, Tari da Gudawa

A nan ƙa'ida a fili take. Murar hunturu bairas ke kawo ta, antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa. Tarin da ke biyo bayanta yakan kai mako uku ya wuce da kansa, kuma majina ta koma kore ba hujjar shan Ampiclox ba ce. Gudawa mai ruwa-ruwa maganinta ruwan gishiri da sukari da zink na kwana 10 zuwa 14, ba Flagyl ba. Sai an ga jini a bayan-gida, ko kwalara mai tsanani, antibayotik ke shigowa. Yaron da ke tari yana numfashi da sauri, sau 50 ko fiye a minti ɗaya in yana tsakanin wata 2 da 11, ko sau 40 in yana tsakanin shekara 1 da 5, ana ɗaukarsa mai limoniya, kuma shi kam amoxicillin ya wajaba a gare shi.

4.2 Takardar Widal

Likitan Faransa Georges-Fernand Widal ya ƙirƙiro gwajin a 1896. Ba ƙwayar taifod yake nema ba, alamun garkuwar jiki yake aunawa. Ƙa'idarsa a ɗebi jini sau biyu, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a ga alamun sun ninka sau huɗu. A aikace sau ɗaya ake ɗiba. Cikin awa guda a miƙo takarda mai layin O da layin H, an zagaye 1:80 ko 1:160 da biro, a ce wa mutum, "Kana da maleriya da taifod."

Inda ruwan sha ba shi da tabbas, mutane da dama sun taɓa haɗuwa da ƙwayar ko danginta tun suna yara, kuma alamun suna daɗewa a jini bayan an warke. Maleriya ita ma tana iya ɗaga su. Ke nan mai zazzaɓin cizon sauro zalla yana iya fitowa da sakamakon da ke cewa yana da cututtuka biyu. Ya sha maganin maleriya haɗe da ciprofloxacin, ya warke, ya yaba wa duka biyun. Bayan wata uku zazzaɓi ya dawo, gwajin ya sake nuna 1:160, sai ya yarda cewa yana da taifod da ba ta jin magani, a koma allurar ceftriaxone.

Aikin Obaro ya ba da ma'auni. An yi renon ƙwayoyin cuta daga jinin yara fiye da 10,000 a Abuja da kewaye da kuma Kano tsakanin 2008 da 2015. A ɓangaren Abuja, ƙasa da yaro ɗaya cikin goma aka samu bakteriya mai cutarwa a jininsa. Dangin Salmonella, waɗanda ƙwayar taifod take cikinsu, suna cikin na gaba-gaba a waɗanda aka samu, saboda haka taifod tana nan, kuma tana kisa. Amma yawanta bai kai kusa da yadda ake ambatonta a ɗakunan gwaji ba.

Asarar tana da girma domin magungunan da ake kashewa a kan taifod ta takarda ba na wasa ba ne. Tsarin AWaRe na 2017, wanda ya raba antibayotik rukuni-rukuni, ya sa ciprofloxacin da ceftriaxone da azithromycin a rukunin da ake so a sa wa ido, kuma a Satumban 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa kashi 70 cikin 100 na antibayotik da ake sha su fito daga rukunin farko, na su amoxicillin. Pakistan ta nuna inda ake dosa: tun 2016 aka samu taifod a lardin Sindh wadda ba ta jin ciprofloxacin ko ceftriaxone.

5.0 Iyakokin Bincike

Dole a ambata cewa alƙaluman Obaro na yara ne, kuma sun kwana biyu. Gwajin renon ƙwayoyin ma yakan kasa kama wasu masu taifod, musamman waɗanda suka riga suka sha magani a gida, sannan yana cin kwanaki da kuɗi. Ke nan adadin na gaskiya yana iya fin wanda aka samu, amma hakan bai gyara Widal ba.

6.0 Kammalawa

Mai zazzaɓi a fara masa da gwajin maleriya. In ya nuna, a yi maganinta kaɗai, a sake duba shi bayan kwana biyu ko uku. In bai nuna ba kuma zazzaɓin ya zarce kwana uku, da ciwon ciki ko kasala mai tsanani, a ɗebi jini don reno kafin a fara magani. Wanda ya galabaita ko jariri ɗan ƙasa da wata biyu, asibiti za a kai shi nan take, likita ya fara magani ba tare da jiran sakamako ba. Maƙalar tana kira ga NCDC da Sakatariyar Lafiya ta Birnin Tarayya su hana dogaro da Widal na ɗiba ɗaya, su kuma tsara yadda cibiyoyin lafiya a matakin farko na Karu da Bwari da Kuje za su riƙa aika jini zuwa manyan ɗakunan gwaji, irin na Asibitin Ƙasa da na Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, a farashin da talaka zai iya biya.