Tarihin Fentin Ɓad-da-kama a Jikin Ƙananan Jiragen Jet

Haɗa ƙananan samfuran jiragen yaƙi aikin sha'awa ne da ya yi ƙarfi a Ingila kafin ya bazu zuwa Amurka da Jamus da Japan. Aikin ya kasu gida biyu, haɗa gangar jiki da shafa fenti. Haɗa jiki ana iya koyonsa cikin 'yan watanni, amma a wajen fenti ake gane gwani, musamman fentin ɓad-da-kama da sojoji ke yi wa jirgi don ya saje da ƙasa ko gajimare. A cikin wannan fanni akwai reshen da ya keɓanta da jiragen jet masu sanye da launukan Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu jiragen da gaske sun sa waɗannan launuka a 1944 da 1945, wasu kuwa na zamani ne da aka yi wa tsohuwar riga.

A farkon lamari launi bai dami kowa ba. A 1932 aka fara sayar da samfuran katako masu suna Skybirds a Ingila, bisa ma'aunin 1/72, wato inci ɗaya a jikin samfur daidai yake da ƙafa shida a jikin jirgin gaske. A 1936 kamfanin FROG ya fito da jerin Penguin na roba a kan ma'aunin nan. Da yaƙi ya yi zafi, a 1942 gwamnatin Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa samfura 500,000 don koya wa sojoji bambanta jirgin gida da na abokan gaba. Baƙi ƙirin aka shafa musu, domin siffa kaɗai ake so ido ya riƙe.

Bayan yaƙi ne kasuwar ta buɗe. Airfix, kamfanin da Nicholas Kove ya kafa a 1939, ya shiga sayar da samfurin jirgin Spitfire na roba a cikin leda a shekarun 1950, a farashin da yaro zai iya tarawa. Kamfanin Humbrol na garin Hull ya kawo fentin mai a 'yan gwangwanaye masu cin mililita 14. Takardar bayani ta lokacin ba ta wuce ta ce a shafa kore da ruwan ƙasa ba, kuma akasari da buroshi mai kauri ake damɓara shi, yana sheƙi kamar sabuwar langa. Kafa ƙungiyar masu haɗa samfura ta IPMS a Birtaniya a 1963 ya sauya wannan hali. Da manya suka fara ajiye aikinsu a teburi ɗaya, sai tambaya ta taso: wane kore, na wace shekara, kuma wa ya ce?

Ga jiragen Birtaniya amsar ba ta yi wuya ba, saboda takardun umarni sun tsira. A 1940 jiragen farauta na sanye da kore mai duhu da ruwan ƙasa. A watan Agusta na 1941, da faɗa ya koma saman teku da Faransa, aka maye gurbin ruwan ƙasa da ruwan toka. Jiragen sahara kuma ruwan yashi da ruwan ƙasa suke da shi a sama, shuɗi a ƙasa. Da yawa daga jiragen wancan fage a Takoradi aka haɗa su, suka bi ta Kano da Maiduguri zuwa Masar tun daga 1940. Gloster Meteor, jet na farko da Birtaniya ta kai fagen yaƙi a Yulin 1944, kore da toka ya sa. Wasu ƙalilan da aka kai Beljiyam a farkon 1945 an shafe su da fari don kada 'yan bindigar gida su ɗauke su jiragen Jamus.

A ɓangaren Jamus gardamar take, kuma har yau ba ta mutu ba. Ma'aikatar jiragen sama ta Jamus ta lokacin, RLM, lamba take ba kowane launi. Lamba 74 da 75 toka ne iri biyu, 76 shuɗi ne mai haske na ƙasan jirgi, 81 da 82 kuwa, ruwan ƙasa mai duhu da kore, su ne na ƙarshen yaƙi. Messerschmitt Me 262 ya shigo aiki a 1944, daidai lokacin da ake sauyawa daga tsofaffin launuka zuwa sababbi. Ruwan bama-bamai ya sa an warwatsa masana'antu cikin dazuzzuka da ramuka, kowace tana ƙera nata sashe tana fenta shi da abin da ta samu. Sai a ga jirgi ɗaya wutsiyarsa da launi daban, murfin injinsa daban, ƙasan fikafikansa ƙarfe tsirara da layukan cikon da aka toshe mahaɗai da shi.

Hotunan da suka rage yawancinsu baƙi da fari ne, wani nau'in fim na lokacin ma yana mayar da ruwan ƙwai da ja su zama duhu. Shekara da shekaru masu haɗa samfura suna karanta launi daga inuwa, kuskuren littafi ɗaya ya zama gaskiyar littafi goma. Gyara ya zo ne daga masu bincike irin su Kenneth Merrick na Ostireliya, waɗanda suka bi tarkacen jirage da takardun masana'anta. Littafin da ya fitar tare da Thomas Hitchcock a 1980 ɗauke yake da guntayen fenti na gaske manne a shafuka. Duk da haka lambar RLM 83 ta ba kowa mamaki. An daɗe ana sayar da ita a kwalba a matsayin kore mai duhu, har Michael Ullmann ya kawo takardun da ke nuna shuɗi ne mai duhu na jiragen da ke aiki a kan Bahar Rum. Abin a yaba ne yadda da yawa daga masu wannan aiki suka karɓi hujjar, ko da yake ta taɓa samfuran da suka ɓata watanni a kansu.

Kayan aiki ma sun bi sahun bincike. Gefen Me 262 yana da ɗige-ɗige masu laushin baki, wanda buroshi ba ya iya fitarwa da kyau, don haka ƙaramar bindigar feshi ta zama dole. Mai aiki yakan tsinka fenti har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, ya rage iska, ya kawo bakin bindigar kusa da jikin samfurin, ya taɓa maɓallin da ɗan yatsa kamar mai tsoron tada barci. Ɗigo ɗaya ya yi yawa, fentin ya tsere ya yi ƙafafu kamar gizo-gizo, sai a goge a sake. Inda ake son iyaka mai kaifi, siririn salatif na Tamiya ake mannawa. Inda ake son ta ɗan yi laushi, sai a murza danƙon Blu-Tack kamar taliya a shimfiɗa a kan layin, a fesa daga sama. Akwai kuma masu ƙara ɗan fari a fenti, bisa hujjar cewa kallon samfurin 1/72 daga taku ɗaya tamkar kallon jirgi ne daga taku 72, inda iska ke dusashe launi. Wasu ba su yarda da wannan ba sam.

Amurka ta sauƙaƙa wa mutane da kundin launuka na FS 595 da ya fito a 1956. Fentin yaƙin Biyetnam, kore biyu da ruwan ƙasa a kan jirgin Phantom, lambobinsa a rubuce suke. Daga baya rundunonin sama suka koma ruwan toka kusan gaba ɗaya, teburan baje koli suka cika da jirage masu kama ɗaya. Wannan ne ya ƙarfafa reshen "da a ce", inda ake fenta jiragen da Jamus ta zana ba ta ƙera ba, irin su Focke-Wulf Ta 183, ko a ɗauki jet na yau a sa masa launin 1940.

Daga bisani rundunonin da kansu suka bi wannan hanya. A 2014 rundunar saman Birtaniya ta zana wa wani jet ƙirar Typhoon ratsin baƙi da fari na mamayar Normandi, fari uku baƙi biyu. A 2015 ta shafe wani da kore da ruwan ƙasa, da haruffan GN-A na jirgin Hurricane ɗin James Nicolson, matuƙin jirgin farauta ɗaya tilo na rundunar Fighter Command da ya samu lambar Victoria Cross a Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanonin sitika suka fitar da alamominsu, abin da dā ake ɗauka wasa ya zama tarihi mai hoto.

Sa wa jet tsohuwar riga ya fi yadda ake zato wuya. An tsara zanen Hurricane ne don fikafikai miƙaƙƙu, Typhoon kuwa fikafikansa kusurwa uku ne, ga wasu ƙanana a gaba, don haka dole a sake rarraba layukan ba tare da an ɓata tsarinsu ba. Gwani yakan bar hancin da ke rufe na'urar rada da launinsa, domin a jirgin gaske ba a shafa masa fenti barkatai, ya kuma bar ƙarfen bakin injin da ƙunarsa. Wanda bai san dokokin 1940 ba, aikinsa yakan fito kamar kayan wasan yara komai tsabtarsa. A gasannin IPMS na Amurka jiragen ƙage suna da rukuninsu daban, kuma a babban baje kolin da ake yi a Telford ta Ingila kowane Nuwamba ana ganin teburansu kusa da na jiragen tarihi.