Tarihin Injin F na Land Cruiser: Ƙarfinsa da Rauninsa

A cikin wannan 'yar muƙala zan waiwayi wani tsohon inji da ya daɗe yana keta daji da rairayi, watau injin F na kamfanin Toyota, mai silinda shida a jere.

A shekarar 1955 aka sa shi cikin Land Cruiser, girmansa lita 3.9, an kuwa kwaikwayi fasalinsa daga injin Chevrolet na Amurka. A 1975 ƙanensa 2F, mai lita 4.2, ya gaje shi.

A ganina, ƙarfinsa da rauninsa tushensu ɗaya ne. Zubin baƙin ƙarfe ne tun daga gangar jiki har kai. Babu bel ko sarƙa a taimin ɗinsa, haƙoran giya ne ke juya juna, saboda haka ba abin da zai tsinke a tsakiyar daji. Ko an tafi da shi sannu, yakan ja kaya ya hau tudu, kuma bakaniken ƙauye na iya gyara shi da 'yan sifanu.

Amma fa ƙarfen nan nauyi gare shi, ga shan fetur ba kaɗan ba. Sandar da fistin ke juyawa matokara huɗu kacal gare ta, don haka ba ya son a matsa masa gudu. Da mai ya yi tsada a 1973, sai aibin nan ya fito fili. A 1974 Toyota ta fitar da Land Cruiser mai dizal.

Mai karatu, wanda ya sayi wannan mota ya zaɓi isa gida lafiya, ya biya a gidan mai.