Daga likitar kamfani zuwa kantar farmasi

Uraniyom ne ya haifi Arlit, kuma shi ya fara kawo mata magani. An kafa SOMAÏR a 1968, ta soma fitar da uraniyom a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, can Akokan. Kowane kamfani ya gina likitarsa. (A bakinmu likita wuri ne, "na tai likita", a Kano kuwa mutum ne. Wannan zance ne na wata rana.) Ma'aikaci da iyalinsa, awo da magani duk a wuyan kamfani suke. Lafiya ta zama haɗe da aiki.

Talakan Bukkoki shi kam hanyarsa daban. Tun 1962 gwamnati ke da ONPPC, mai shigo da magani tana rabawa farmasin gwamnati. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, maganin waje ya yi tsada, ƴan tallar ƙwayoyi a faranti suka cika kasuwanni. Mai ciwon kai ya sayi ƙwaya biyu ya wuce. To, mai tansiyo fa? Hawan jini da ciwon sukari ba su san ƙwaya biyu ba. Magani ne na kullum, da awo wata-wata, har ƙarshen rai.

Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, ma'aikata kusan 600 suka ajiye aiki. Ma'adinin ya ƙare, ciwon bai ƙare ba. Da iyakar Benin ta rufu a 2023, magani ya ƙara wuya. Agadas kilomita wajen 240 ce, hanyar kuma kun san ta.

Abin da nake gani shi ne tsofaffin nan farmasi suka fi zuwa. Suna miƙa tsohon kwali, su ce "irin wannan". Mai farmasi ya san fuskarsu fiye da kowane dokta. Me zai hana ya ɗaura musu abin awon tansiyo, ya duba sukari, ya rubuta a ɗan littafi, in lamba ta hau ya tura su likita? A Faransa, inda uraniyom ɗinmu ya yi shekaru yana ba da wuta, tun 2019 masu farmasi ke yin allurar rigakafin mura.

Sai dai fa sai da horo, da kuma harshe. Takardar cikin kwali da Faransanci take, tsohuwar da za ta sha Tamashek ko Hausa take ji, kuma ba kowa ke faɗa mata cewa ko ta ji sauƙi kada ta daina ba.