Sufanoba: Tarihin Gano Fashewar Taurari da Rarraba Ta

Sufanoba ita ce gagarumar fashewar da ke kawo ƙarshen rayuwar wasu taurari. Idan ta auku, tauraro guda kan yi hasken da ya ninka na rana sau biliyoyi, ya shafe makonni ko watanni kafin ya dushe. Ta bambanta da tauraro mai wutsiya, domin ba ta gusawa daga gurbinta a cikin taurari.

Mafi haske da tarihi ya rubuta ita ce ta shekarar 1006, wato 396 bayan Hijira. Ali ibn Ridwan, likitan Masar, ya gan ta yana saurayi, ya rubuta cewa girmanta ya ninka na Zara sau biyu da rabi zuwa uku. Mutanen Sin ma sun rubuta labarinta. A kudancin sama ta fito a ƙarshen Afrilu, tsakiyar bazara, don haka wanda ya kwana a waje a ƙasar da Agiye da Gazawa suke a yau ya fi mutanen Alƙahira ganinta a sarari, tunda a nan ta fi ɗagowa sama. Wata ta biyo baya a 1054, a sashen da Kaza da Ƴaƴanta take, aka yi kwana 23 ana ganinta da rana tsaka. Sai ta 1572 da Tycho Brahe ya nazarta, da ta 1604 da ake jinginawa ga Kepler. Duk waɗannan a cikin gungun taurarin da ranarmu take suka fashe.

Ta farko daga wani gungu daban, Ernst Hartwig ne ya ba da sanarwarta a Agustan 1885 daga Tartu ta Estoniya, a gungun Andromeda. Ba wanda ya san girman abin a lokacin, sai bayan da Edwin Hubble ya nuna a shekarun 1920 cewa Andromeda tana can nesa ƙwarai. Yanzu an san haskenta kan yi shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mu. A 1934 Walter Baade da Fritz Zwicky suka ware irin wannan fashewa a matsayin abu mai zaman kansa. Zwicky ya duƙufa farautarta daga dutsen Palomar a Amurka, ya gano fiye da 120.

Rarrabawar kuwa da haske ake yin ta. Ana tsaga hasken zuwa launuka kamar bakan gizo, a duba sawun sinadaran da ke ciki. A 1941 Rudolph Minkowski ya kasa su biyu: wadda ba ta da sawun haidirojin aji na I, mai shi aji na II. A shekarun 1980 aka sake kasa aji na I zuwa Ia mai silikon, Ib mai hiliyam, da Ic da babu hiliyam ɗin. A nan tsarin ya ɗan yi tuntuɓe, don sunayen ba su bi musabbabi ba. Ia ƙaramin tauraro ne da ya riga ya ƙone, ya zuƙi kayan maƙwabcinsa har ya tarwatse. Ib da Ic kuwa ƴan uwan aji na II ne: manyan taurari masu nauyin rana takwas zuwa sama, da cibiyarsu ta rufta bayan makamashi ya ƙare. An saba da sunayen, shi ya sa aka bar su.

Aji na Ia ya fi kowane amfani, saboda haskensa kusan ɗaya ne ko'ina, sai ya zama ma'aunin nisa. Da shi aka gano a 1998 cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi, binciken da ya ci kyautar Nobel a 2011.

Sunan sufanoba kan ƙunshi shekara da haruffa, kamar SN 1987A da aka gani da ido daga Chile. A yau na'urori masu sarrafa kansu ke gano dubbai duk shekara, amma masu sha'awa ba su bar fagen ba: a ranar 19 ga Mayun 2023 Koichi Itagaki na Japan ya hango SN 2023ixf a gungun M101, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 21, cikin sa'o'i aka tabbatar aji na II ce. A gungunmu kuwa, tun 1604 ba a sake ganin ko ɗaya tana fashewa ba.